Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tun Ran Gini

Makon jiya na tsaya a daren da na buga kalmar sirrina har sau uku asusun ya ƙi buɗewa. Na yi alkawarin yau zan faɗi yadda ya dawo hannuna, kuma zan faɗa, sai dai ku yi haƙuri da ni, don tun da na zauna rubutun nan maganar Yaya Babba ce ta tokare mini maƙogwaro.

"Kai ka ci kuɗin mutane, ka zo kana laɓewa bayan ɓarawon da babu wanda ya gani." Haka ya ce, a gaban Inna, a gaban matata, ko murya bai rage ba.

Asusun nan dai kun san shi, na kasuwar intanet ɗin da na shekara biyar ina karɓar aikin fassara a cikinta. Ba kuɗi ne jibge a ciki ba, sunana ne, da shaidar duk wanda na taɓa yi wa aiki ya yaba. Ɓarawon ta imel ɗina ya shigo. Ya sauya kalmar sirri, ya sauya lambar waya, cikin kwana huɗu ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a hannun mutum uku da sunana. Ɗaya daga cikinsu aminin Yaya ne, Yayan da kansa ya haɗa mu. Wannan ne ya hura wutar.

Na rubuta wa masu kula da kasuwar, na tura hoton katin shaidata. Suka ce wancan ma ya turo irinsa sak. To ina mamaki, hoton na kwance cikin imel ɗin da ya kwace. Ranar haihuwa, sunan mahaifiya, aikin farko da na karɓa, duk abin da na sani shi ma ya sani. Mu biyu muna rantsuwa, su kuma ba su taɓa ganin fuskar ko ɗayanmu ba.

Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma maganarsa ce ta fitar da ni. Ko littafin makaranta ka saya sai ya ce rubuta sunanka yanzu, kafin ka buɗe shi. "Tun ran gini, tun ran zane." Muna yara haushi take ba mu. Shekara uku kafin wannan masifa, wani abokin aiki da ban taɓa gani ido da ido ba ya ce in saka adireshin Bitcoin ɗina, wato lambar da ake turo mini wannan kuɗin intanet ta cikinta, a bayanan asusun, in kuma aika shi ga mutum biyu cikin waɗanda na fi yi wa aiki, su adana. Na ce me zai amfana, walat ɗin, wato manhajar ajiyar Bitcoin ɗin, kusan babu komai a ciki. Ya ce ba don kuɗi ba ne, don ranar da za a ce kai ba kai ba ne. Na ji muryar Baba a kunnena, na yi, na manta.

Yaya yana nan a lokacin, ya leƙo ya ga dogon layin haruffa da lambobi, ya ce wasan yara. Ban manta ba.

Bari in bayyana yadda ake sa hannu a saƙo don nuna cewa adireshin naka ne, don har yau ina gamuwa da masu zaton sai ka nuna wa mutum sirrinka kafin ya yarda da kai. A cikin walat akwai mabuɗin sirri, lamba ce zalla mai tsawon da kan kai lambobi 78 in an rubuta ta yadda muka saba. Daga ita ake lissafo mabuɗin fili, daga shi kuma a fitar da adireshi. Lissafin gaba kawai yake tafiya. Fitar da adireshi daga mabuɗi ƙiftawar ido ne, amma komowa daga adireshi zuwa mabuɗi, duk kwamfutocin duniya su taru ba su san hanya ba. In za ka sa hannu, sai ka rubuta saƙonka, manhaja ta tace shi ya zama ɗan gajeren tambari, ta gauraya tambarin da mabuɗin sirri, ta miƙo maka layi ɗaya mai haruffa 88. Duk wanda ya haɗa abu uku, saƙon da adireshin da wannan layi, zai iya tantancewa a tasa na'urar cewa mai riƙe da mabuɗin ne ya sa hannu, kuma a kan waɗannan kalmomi daidai. Mabuɗin bai bar wurinka ba, ko ƙwandala ba ta motsa ba, ko intanet ba ka buƙata a lokacin sa hannun.

Ba masu Bitcoin ne suka ƙirƙiro dabarar ba. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da tunanin mabuɗi biyu a 1976, a 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka samar da tsarin RSA mai aiki da mabuɗi biyun, a 1991 kuma Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta don kowa ya iya rufe saƙonsa ya sa masa hannu. Gwamnatin Amurka ta yi shekaru tana bincikensa a kan zargin fitar da makami zuwa waje, sai a 1996 ta janye. Lissafi fa, aka kira makami. Duk wannan daga baya na karanta, a watannin da barci ya ƙaurace mini.

Matsalar ita ce wayar da walat ɗin ke ciki ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage kalmomi 12 ne da na rubuta a bayan wata tsohuwar takarda, waɗanda manhaja ke zaɓowa daga jerin kalmomi 2048, su ne kuma ke sake haifo mabuɗin. Kwana biyu muna zazzage akwatuna. Matata ce ta gano ta a tsakiyar ƙamus ɗina, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Hannuna na rawa na shigar da su ɗaya bayan ɗaya, tsohon adireshin ya bayyana kamar jiya na bar shi.

Na rubuta saƙon da sunan asusun, da kwanan watan ranar, da cewa an kwace shi, da sabon imel ɗin da nake so a mayar da shi kai. Kwanan watan nan da sunan asusun ba ado ba ne. Sa hannu a kan "ni ne" kawai, kowa na iya kwafe shi ya kai wani wuri gobe. A 2016 wani ɗan Ostireliya, Craig Wright, ya fito ya ce shi ne Satoshi Nakamoto da ya ƙirƙiro Bitcoin, ya baje sa hannu a matsayin hujja. Ba a kwana ba masana suka gano tsohon sa hannu ne da aka ɗauko daga wani ciniki na 2009 wanda ke buɗe ga kowa. Da mabuɗin na hannunsa, sabuwar jimla ɗaya ta ishe shi. A watan Maris na 2024 Babbar Kotu a Landan ta yanke cewa ba shi ba ne. Ranar da na ji hukuncin Yaya ne ya faɗo mini a rai, ban san dalili ba.

Na tura, aka dawo mini da amsa cewa sa hannun bai yi daidai ba.

Nan cikina ya ɗuri ruwa. Na yi zaton kalmomin ne na rubuta ba daidai ba tun asali. Ashe girman kaina ne. Ƙarƙashin Turancin na ƙara layi ɗaya da Hausa, "ni ne mai wannan asusu na haƙiƙa", akwatin saƙonsu kuma bai san ƙ mai lanƙwasa ba, ya mayar da ita alamar tambaya. Harafi biyu suka sauya, tambarin ya zama wani daban, lissafi ya ce ƙarya nake. Na cire layin, na sake sa hannu, na lura kada ko tazara ɗaya ta ƙaru a ƙarshe. Suka duba tsohon kundinsu suka ga adireshin na nan tun shekara uku, mutanen nan biyu suka turo saƙon da na aika musu a wancan lokaci. Aka ce wancan ma ya sa hannu da adireshin. Shiru. Kwana tara aka mayar mini da asusuna.

Tun ran gini. Da ranar da aka yi satar na ƙirƙiro adireshi na sa hannu da shi, da aikin banza na yi, don ɓarawon ma zai iya ƙirƙiro nasa a minti ɗaya. Tsufan adireshin ne shaidar. Auta ya gwada bin sawuna bayan shekaru, da nasa asusun ya salwanta, sai ya tarar adireshin da ya ajiye na kamfanin canjin Bitcoin ne, mabuɗin na wurinsu, ba shi da abin sa hannu. Na gaya masa tun farko, bai ji ba, shi ma ɗalibin Yaya ne a wajen raina abin da bai gane ba.

Na ɗauki wayata na nufi wurin Yaya ina taƙama. Na gaishe shi, na nuna masa inda aka rubuta an tabbatar. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini, ya ce, "To ƙanena, lissafinka ya nuna asusun naka ne. Da ma wa ya ce ba naka ba ne? Nuna mini inda ya ce ba kai ka karɓi kuɗin ba."

Na buɗe baki na rufe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Kuɗin mutanen nan uku wani sabon adireshi suka tafi, kuma ana iya tabbatar da cewa mabuɗi na hannunka, amma babu lissafin da zai tabbatar da cewa ba ya hannunka. Wanda ya ƙi sa hannu, ko ba shi da mabuɗin ne, ko ɓoyewa yake. Daga waje duk ɗaya ne. Masu kasuwar sun rubuto cewa a kwana huɗun nan daga wata ƙasa aka riƙa shiga asusun, da na'urar da ban taɓa amfani da ita ba. Biyu daga cikin mutanen suka gamsu. Yaya ya ce ai wannan maganar mutane ce, ba lissafin da nake tinƙaho da shi ba.

Aminin nasa ni na biya shi daga aljihuna, kaɗan-kaɗan, wata bakwai, saboda Inna ta yi kuka. Yaya ya ɗauki biyan a matsayin amsa laifi, ya faɗa wa Kawu haka, Kawu ya faɗa wa kowa. Shekaru biyun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu.

Takardar kalmomin 12 yanzu kwafi biyu ce, a wuri biyu, matata kaɗai ta san na biyun. Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar da Yaya ya kira ni da tsakar dare, wani na ta aika wa mutane saƙo da sunansa yana roƙon kuɗi.