Kwana uku a Kaduna wajen tantance 'yan ƙwallo, da maganar lamba tara

Jiya da daddare muka dawo daga Kaduna, har yanzu jar ƙasar filin tana maƙale a takalmina. Mu uku muka tafi: mai horar da 'yan wasanmu, da mai kula da masu tsaron gida, da ni da nake riƙe da takardun ƙungiya. Ƙungiyarmu a gasar NLO take, mataki na uku ƙarƙashin NNL da NPFL, kuma gurbi shida muke son cikewa kafin a rufe rajista: gola, ɗan baya na hagu, lamba shida (ɗan tsakiya mai tsaro), 'yan gefe biyu da lamba tara (ɗan gaba mai cin ƙwallo). Daga Unguwa Uku muka tashi bayan asuba, kowa naira dubu tara, kuɗin da shekaru kaɗan baya ya isa mutum ya je ya dawo har ya ci abinci a Zariya. Kafin azahar muna Kawo.

Mu a Kano muna alfahari da Pillars da cikar filin Sani Abacha, amma wajen fitar da 'yan wasa dole a sara wa Kaduna. A tawagar da ta ɗauko zinare a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Celestine Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal, duk 'yan garin nan, kuma biyun farko su suka ci ƙwallo biyu cikin ukun da aka zura wa Ajantina a wasan ƙarshe. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, Kaduna United ta ɗauki kofin Federation a 2010. Mai masaukinmu, wani tsohon koci a Tudun Wada da kowa ke ce wa Baba Koci, ya zayyana mana wannan tun kafin mu ajiye jaka. Ɗakin soronsa ya share mana, ya hana mu ko tambayar kuɗin otal, safe da dare kwanon tuwo da miyar kuka na fitowa daga cikin gida. Da na zaro wani abu zan ba yara sai ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, mayar. Ku dai ku yi wa yaran nan adalci a fili.”

Tsarinsa na tantancewa ya fi namu tsafta, shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. Da farko ba a sayar da fom. A wurare da yawa sai a karɓi dubu biyar biyar a hannun yara ɗari biyu, a buga musu wasan minti goma, a sallame su, alhali an riga an san waɗanda za a ɗauka. Nan yara 132 suka zo, aka raba su ƙungiya 12, kowa da 'yar riga mai lamba, ba a kiran suna. Wasa minti 25 ne, kowa ya buga sau biyu, ɗaya da safe daga bakwai zuwa goma, ɗaya bayan la'asar. Ba a wasa da tsakar rana, domin rana juriya kawai take aunawa, yaro mai kai sai ya ɓace a cikinta. Masu duba mu uku ne, kowa da takardarsa, an zaunar da mu nesa da juna, ba mai yi wa wani magana sai dare. In kun zauna wuri ɗaya, wanda ya fi girma ya ce “kai, yaron nan!”, sauran sun daina gani da idonsu.

Abin da ake kallo ba yanka ba ne. Yaron da ya zo gwaji yakan so ya yanke mutum huɗu don a gan shi, kuma shi ne farkon wanda ake sokewa. Ana duba taɓawar farko, ko ƙwallo ta tsaya inda zai iya amfani da ita. Ana duba ko yana waiwayawa kafin ƙwallo ta iso shi, da yadda yake da ƙafarsa mai rauni, da abin da yake yi cikin daƙiƙa biyar bayan an ƙwace masa. Rana ta biyu aka rage su zuwa 44, aka matse fili, bakwai da bakwai, taɓawa biyu kawai. A nan masu gudu zalla suke tonuwa. Rana ta uku 22 suka rage, aka raba su gida biyu, kowane ya yi minti 45 da ƙungiyar Baba Koci da ta saba da juna.

Sai takardu, inda aikina yake. Lambar NIN, takardar haihuwa, shaidar makaranta, a jera su a ga ko shekarun sun yi daidai. Masu cewa a yi hoton MRI na wuyan hannu su sani na 'yan ƙasa da 17 ne, ƙashi kawai yake nunawa ko ya gama haɗewa, ba ya bambance ɗan 21 da ɗan 28. Sai takardar sallama daga tsohuwar ƙungiya, sai lissafin inda ya buga a bana, domin ƙa'idar FIFA ta yarda a yi wa ɗan wasa rajista a ƙungiya uku cikin kaka ɗaya, amma biyu kawai zai buga wa wasan gasa. Gwajin lafiya kuma kafin sa hannu ake yi. Sashe na 18 na dokar musayar 'yan wasa ta FIFA ya hana a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon likita, in ka sa hannu sannan ka gano gwiwa ta lalace, kai ka saya.

Lamba tara ɗin da muka zo nema mun same shi tun ranar farko. Dogo ne, yana tare ƙwallo da ƙirji ta sauka a ƙafarsa kamar an ajiye, ya ci huɗu a kwana biyu, ɗaya da hagu. Takardunmu uku duk shi ne a sama. Wakilinsa kuma bai tsawwala ba, har ya ce ba sai an ba da kuɗin sa hannu ba, a dai tafi da shi Kano a satin nan. Wannan sauƙin ya kamata ya tsayar da mu. Wadda ta tsayar da mu wata mata ce da ke horar da ƙungiyar 'yan mata a gefen filin. Muna naɗe raga ta matso, ta gaishe mu, ta rage murya ta ce, “Malam, kafin ku rubuta sunan yaron can, ku tambayi inda yake zuwa ranar Talata.” Kotu yake zuwa. Ana tuhumarsa da yi wa wata yarinyar unguwarsu fyaɗe, yana kan beli.

Daren nan ba a yi barci da wuri ba. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo shayi, kociyoyi biyar na unguwa suka zo. Wani ya ce zato zunubi, kuma tsarin mulki a sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Ya kawo Benjamin Mendy, wanda Manchester City ta dakatar a 2021 bisa tuhumar fyaɗe ta daina biyansa, kotu ta wanke shi a 2023, sannan a 2024 kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan albashin da aka riƙe. Ya kawo Ched Evans, da aka ɗaure a 2012, aka soke hukuncin a 2016, aka sake shari'a aka sallame shi. Wani ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya kawo Robinho: kotun Italiya ta yanke masa shekara tara a 2017, duk da haka Santos ta ɗauke shi a 2020, sai da masu ɗaukar nauyi suka fara janyewa sannan ta dakatar da kwantiragin, a 2024 kuma aka kai shi gidan yari a Brazil. Aka ambaci Raith Rovers ta Sikotilan, da ta ɗauki David Goodwillie a 2022 bayan kotun farar hula ta same shi da laifi a 2017, kyaftin ɗin ƙungiyar matansu ta ajiye riga, cikin kwanaki ƙungiyar ta janye. Aka ambaci Thomas Partey, da aka tuhuma a Yulin 2025 'yan kwanaki bayan ƙarewar kwantiraginsa da Arsenal, Villarreal ta ɗauke shi a Agusta, shi kuma ya musanta tuhumar a kotu.

Abin da ya dame ni a hirar, an fi awa biyu ana kiran sunayen Turai da makomar ɗan wasa, ba wanda ya tambayi halin da yarinyar take ciki sai Baba Koci. Shi ya ce tun da abin ya faru ba ta sake fitowa ko ɗiban ruwa ba, kuma manya sun yi ta zarya gidan iyayenta a kan a sasanta, a rufa asiri.

Washegari na je kotun domin in tabbatar, don ba a yanke wa yaro hanya da maganar bakin fili. Ma'aikacin da na tarar a rajista ko sallamata bai amsa ba. Yana danna waya ya ce, “Kai lauyansa ne? Ɗan sanda ne? To ba ni wuri.” A Kano ma ana samun irinsu, amma aƙalla sukan ɗago kai. Wani dattijon masinja ne ya biyo ni waje ya ce, “Yallaɓai, ba sai ka roƙi kowa ba,” ya nuna mini allon da ake liƙa jerin shari'un mako. Sunan na nan, da lambar ƙara, da ranar zama. Duk wanda zai yi irin wannan bincike ya fara da allon nan, sannan ya nemi lauyan ɗan wasan ya kawo kwafin takardar tuhuma da sharuɗɗan beli. Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ba ta wadatar ba, ta fi nuna wanda aka riga aka yanke wa hukunci.

Kuma a Kaduna wannan tuhuma ba ƙarama ba ce. Tun Satumbar 2020, lokacin da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar laifuka, wanda aka samu da yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe hukuncinsa dandaƙa ne da kisa, in wanda aka yi wa ya haura 14 kuma dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Yaron da irin wannan ke jiransa, a ce a kai shi wata jihar cikin gaggawa ba ko kuɗin sa hannu, ba ƙwallo ake nema masa ba, nisa ake nema masa.

Ra'ayina, kuma shi muka bi: jita-jita daban, ƙorafi a ofishin 'yan sanda daban, tuhuma a gaban alƙali daban, hukunci daban. Jita-jita ba ta hana ɗaukar ɗan wasa, sai dai a bincika. Amma wanda shari'arsa ke gaban kotu ba a ɗaukarsa sai an gama. Ƙin ɗauka ba yanke hukunci ba ne, ƙungiya ba kotu ba ce, kuma kullum muna barin yara saboda abin da bai kai wannan ba, gwiwa ko rashin takardar sallama. Ƙungiya tana kwana da ɗan wasa a sansani, tana kai shi garuruwa, a filinmu akwai yara 'yan ƙasa da 15 da mata masu sayar da ruwa da abinci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuwa ɗan wasanka ne tun da farko aka tuhume shi, kada ka kore shi, domin sashe na 14 na dokar FIFA yana buƙatar dalili mai ƙarfi kafin a soke kwantiragi, kuma abin da ya faru da Mendy ya isa darasi kan riƙe albashi. A dakatar da shi daga atisaye da wasa, a ci gaba da biyansa, a jira kotu. Sasancin manyan unguwa kuma ba wankewa ba ne, sau da yawa matsin lamba ne a kan gidan da ba shi da ƙarfi.

Fom ɗinmu yana tambayar tsawo da nauyi da rukunin jini, babu layi ɗaya a kan wannan. A soron Baba Koci na ƙara layi biyu da biro: ɗan wasa ya bayyana ko yana da shari'ar laifi a gaban kotu, kuma in ya ɓoye, ƙungiya na da damar raba gari da shi. Kocinmu da kansa ya kira yaron gefe, ba a gaban mutane ba, ya gaya masa dalili, ya ce in kotu ta wanke shi ƙofa a buɗe take. Yaron bai ce komai ba. Wakilin ne ya yi ta ɗaga murya har bakin titi.

Da rana muka leƙa Kasuwar Barci neman takalman ƙwallo na gwanjo. Mai shagon ya fara da dubu ashirin da biyu kowane, muka ƙare a sha huɗu da muka ɗauki ƙafa shida. Ya fi Kofar Wambai sauƙi da kusan dubu uku, sai dai a lanƙwasa tafin a duba, biyu da na ajiye an liƙe su da gam ne a daidai yatsu, wasa ɗaya za su buɗe. Safar gola kuwa ta yi tsada ba dalili, muka bar ta.

Yara biyar muka rubuta. Za su iso ranar Asabar da iyayen biyu daga cikinsu da ba su kai 18 ba, don su sa hannu. Mun taso daga Kawo bayan la'asar, taya ta yi faci kusa da Tashar Yari, muka shigo Kano bayan isha. Gurbin lamba tara yana nan, ranar Laraba za mu duba wasu yara biyu a Gwagwarwa.