Godiya ga waɗanda suka riƙe ni har na samu aiki a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa na nan Jidda da na gida, kamar yadda da yawanku suka riga suka ji, ranar Alhamis da ta wuce aka kammala naƙalin iƙamata, wato mayar da katin izinin zamana, daga sunan maigidana zuwa sunan asibitin da ya ɗauke ni aikin jinya, na kuma amince da kwantiragin a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya da hannuna. Wata goma sha huɗu na yi ina wannan fafutuka, kuma har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, amma ban ga dacewar in shiga aiki ranar Lahadi da bashin godiya a wuyana ba.

Ba sai na maimaita muku labarin tantance takardun karatuna a kamfanin DataFlow ba, da watannin da makarantarmu ta gida ta kwashe kafin ta amsa wasiƙa guda ɗaya, ko jarrabawar Prometric ta neman lasisin aikin jinya da na yi wa karatu a kicin bayan yara sun yi barci. Duk mai iyali a ƙasar nan ya san lissafin: tun shekarar 2020 kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar wani ya kai riyal 400 a wata, mu huɗu ne kuwa a kan Abban yara, riyal 1,600 ke nan kafin a zo maganar haya ko burodin tamis na karin kumallo. Ga shi a jikin katina an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ni da izinin aiki, alhali shekara shida na yi a ɗakin haihuwa a Kano.

Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne safiyar ranar ganawar neman aiki ta huɗu. A wurare uku na baya, da zarar an ji ina da yara uku sai a tambaye ni wa zai riƙe su idan aka sa ni aikin dare, in yi ta kame-kame, a ce za a kira ni. A wannan safiya Auta ya tashi jikinsa kamar garwashi, Abban yara ya fita tun asuba, ni kuma na zauna a bakin ƙofa sanye da abaya, takardu a cinya, na riga na yanke shawarar haƙura. Sai ga Inna mai waina, maƙwabciyarmu, ta hawo bene da ƙwaurinta mai ciwo, ba don na kira ta ba, sai don ta ji kukan yaron ya yi yawa. Ta taɓa goshinsa, ta tambaye ni ko na ba shi magani, na ce na ba shi. Ta ciro zani ta goya shi, ta ƙulle riyal hamsin a bakin mayafina, ta ce: "Tashi ki tafi, 'yata. In sun tambaye ki, ki ce kina da uwa a garin nan."

Haka kuwa na faɗa musu, kalma da kalma, da Larabcina mai ɗingishi. Na san Inna ba za ta ji daɗin na ambace ta a bainar jama'a ba, ta yafe mini. Matar da kakanninta suka tako da ƙafa ta Sudan, suka ƙetare teku daga Sawakin don neman dacewa da Hajji, ita da ba ta taɓa ganin Kano ba, ita ce ta rufe kaskonta na yini guda saboda ɗan wata. Allah Ya ba ta lafiyar ƙafa, Ya haskaka kabarin iyayenta, Ya shayar da ita daga tafkin Alkausara, Ya sa 'ya'yanta su yi mata fiye da abin da ta yi mini.

Ina godiya ga Baba direba da ya kai ni Jawazat, ofishin fasfo da iƙama, sau uku bai karɓi ko halala ba, da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya 'yar Sudan da ta ba ni littattafanta, da Yayata ta Kano da ta yi ta zaryar ofis har aka buga hatimi. Shi kuwa Abban yara, wanda ko sau ɗaya bai ce in tattara yara mu koma gida ba, Allah Ya san abin da ke zuciyata. Akwai kuma waɗanda jini ya haɗa mu, tsakaninmu tafiyar awa ɗaya a mota, waɗanda sai jiya na ji muryarsu a waya. Na amsa barkar da suka yi mini, Allah Ya bar zumunci.

Duk wanda ke cikin neman nan har yanzu, musamman iyaye mata, Allah Ya buɗe masa ƙofa ta inda ba ya zato. Ina roƙon ku sa ni a addu'a, domin satin farko aikin dare aka ba ni. Inna ta riga ta ce a kai mata yaran bayan sallar isha'i, da sharaɗin in riƙa auna mata hawan jini duk safiya idan na dawo.