Lakar da Farfesa ya ce ba komai a cikinta

Na gama da wannan ɗakin bincike, kuma kafin in tafi ina so in gaya wa ɗaliban da za su gaji kujerata abin da ba wanda ya gaya mini.

Duk wanda ya shigo sashen halittun ƙasan teku, samfurin maɓuɓɓugar sanyi yake so a ba shi, wato wurin da iskar gas ke tsattsafowa daga ƙasan teku ba tare da zafi ba. Ba laifinsa ba ne. Tun da Charles Paull da abokan aikinsa suka bayyana ta farko a 1984, a Tekun Meziko daura da Florida, a zurfin da ya wuce mita 3,000, hankalin kowa ya koma can. Iskar metan da ta salfa na tsattsafowa daga ƙasa, bakteriya na mayar da su abinci ba tare da hasken rana ba, kawa ta yi cincirindo, ga tsutsar bututu Lamellibrachia wadda ba ta da baki ba ta da hanji amma takan haura shekara 200 a raye. Samfuran waɗannan halittu Farfesa ya raba wa 'yan gaban goshinsa. Ni kuwa aka turo mini kwalaben lakar gefe, wadda ake ɗebowa nesa da maɓuɓɓugar don kwatance kawai. Cewa ya yi, "Ki tace ta dai, ba komai a ciki."

Na tace ta da rariya mai ido mikron 300, na duƙufa a kan madubin ƙara girma. Abin da na gani ya sa na daina jin haushin rabon. A tsakiyar maɓuɓɓuga halittu suna da yawa, amma iri kaɗan ne, domin salfa guba ce, sai masu jure mata irin tsutsotsin dangin Dorvilleidae ke mamaye wurin. An ga haka a maɓuɓɓugan Hydrate Ridge da ke daura da gaɓar Oregon a Amurka ma. Lakata kuwa halittunta ba su da yawa, sai dai kusan kowace na ɗauko daban take da 'yar'uwarta: tsutsotsi masu gashi, ƙananan dangin jatan lande, dodon koɗi da bai kai ƙwayar gero ba, da yawansu sau ɗaya tak suka bayyana. Yawan kawuna a tsakiya yake, yawan iri kuwa sai an matsa gefe.

Na gabatar da wannan a taron sashe, Farfesa ya gyaɗa kai. Da daftarin takardar binciken da za a wallafa ya fito, jadawalina ne ƙashin bayanta, sunana kuma yana can ƙasa cikin godiya. Na same shi a ofis cikin ladabi. Ya ce tantance halittu aikin hannu ne, ba bincike ba. Wanda ya taɓa bambance tsutsa biyu ta siffar gashin jikinsu ya san wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma shi ma ya sani, tunda bai taɓa gyara mini sunan halitta ko ɗaya ba. Har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Don haka kafin ku buɗe kwalbar farko, ku sa a rubuta sunayen da za su hau takarda, a saƙon imel, ba da fatar baki ba. Ku riƙe littafin aikinku da kwanan wata. Lakabin cikin kwalba da fensir ake rubuta shi, domin sinadarin adanawa na wanke tawada. Fomalin kuma, wanda ake adana samfuri da shi, kada ku shaƙe shi don gaggawa.

Akwai irin waɗannan maɓuɓɓugai a Mashigin Gini, daura da Neja-Delta da Kwango, kusa da inda ake haƙar mai a zurfin teku. Can nake neman aiki yanzu, kuma lakar gefe zan fara nema a ɗebo mini.