Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da Na So Zuwa Landan

Makon jiya na tsaya a inda na dawo daga bautar ƙasa na kama koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ke Sabon Garin Zariya. Yau kuma labarin 2018 ne, shekarar da na kusa sa Baba ya sayar da mashin ɗinsa saboda maganar Kawu.

Ranar sunan ɗan Yaya ne. An gama cin waina, ana zazzaune a zaure, sai Kawu ya dube ni a gaban surukai ya ce, "To Malam, ku ai ladanku yana lahira. Mu dai a nan muke karɓar namu." Aka bushe da dariya. Ni da na yi shekara huɗu a Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, na fito da sakamakon da babu ɗansa ko ɗaya da ya taɓa kawo irinsa gida. Har yau in na bi ta ƙofar gidansa a Tudun Wada sai dariyar nan ta dawo mini.

A daren na ƙudurta sai na koyar a ƙasar waje. Na riga na ji labarin makarantun ƙasa da ƙasa, inda 'ya'yan jakadu da na manyan ma'aikatan kamfanoni ke karatu, ana bin manhajar Cambridge ko ta IB, wato International Baccalaureate, wadda aka kafa a Janiba a 1968. Abin da ban sani ba shi ne, da wuri suke cin kasuwarsu. A watan Agusta suke buɗe shekarar karatu, amma tun daga Nuwamba zuwa Fabrairu sun ɗebi malamansu, galibi a wani taro da ake yi a otal, shugabannin makarantu su zo, masu neman aiki su zo.

Kullum in an tashi sai in hau bas zuwa Samaru, in sayi awa ɗaya a shagon intanet da ke kallon ƙofar jami'a. A bayan littafin da nake tsara darasi na ja layi uku. A lokacin kamfanin Search Associates yana yin nasa taron a Landan da Bankok da Dubai da kuma Cambridge ta Amurka. Akwai ISS, mai hedikwata a Princeton, wanda yake wannan harka tun 1955. Sai na Jami'ar Arewacin Iowa, da ake yi tun 1976 a tsakiyar hunturu, wanda ya yi suna wajen karɓar sababbin malamai. A ido shi ya fi dacewa da ni, sai dai yawancin masu zuwa can lasisin koyarwa na Amurka ne a hannunsu, ni kuwa takardar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ce a cikin ambulan.

Landan zuciyata ta zaɓa. Ban zaɓe ta don makarantun da za su zo ba, na zaɓe ta ne don a je a gaya wa Kawu cewa malamin makaranta ya tafi Landan. Dala tana wajen naira 360 a lokacin. Na haɗa kuɗin rajista da na biza da na jirgi da kwana huɗu a otal, na ga ko albashina na shekara guda ba zai taɓa su ba. Da na nuna wa Baba, shiru ya yi, sannan ya ce in mashin ne zai cike giɓin, a kai shi kasuwa. Amma in fara zuwa in ga Malam.

Kun san Malam, aminin Baba da ya yi ritaya daga Kwalejin Barewa. 'Yarsa ta fari ta bi ta irin wannan taro ta sami aiki a Katar. Na same shi kan buzu bayan la'asar, na tsugunna na gaishe shi, na miƙa littafin. Ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa.

"Wata nawa ka yi da alli a hannu?"

"Takwas, Allah ya gafarta Malam."

Ya rufe littafin. "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya."

Daga nan ya kwance mini yadda abin yake, kamar yadda 'yarsa ta ba shi labari. Da safe kowace makaranta tana da teburinta, an liƙa guraben da take nema a bango. Ka bi layi, in ka iso gaban shugaban makaranta minti biyu gare ka ka sa ya ba ka lokacin ganawa. Abin da zai fara dubawa shi ne shekarun aiki, don ƙasashe da dama ba sa ba malami izinin aiki sai ya cika shekara biyu a aji. Sai ya tambaye ka ko ka taɓa koyar da manhajarsu. Wanda ke gabanka a layi ya yi shekara goma yana koyar da ita. In kuma aka yi maka tayi ka ce ka amince, ko da baki ne, ka ɗaure kanka. Ya ce taro mai kyau shi ne wanda makarantun da za su iya ɗaukar irinka suke zuwa, kuma ana fitar da sunayensu tun kafin ranar, sai ka duba kafin ka kashe ko sisi.

Ban ji ba. Na fita ina cewa a raina tsufa ne. Wannan rashin jin yana cikin abin da ya fi ci mini rai, don har Malam ya rasu ban taɓa buɗe baki na ce masa gaskiyarsa ce ba.

Na ci gaba da cike takardu. A nan na ci karo da abin da ya karya ni. Ba a gayyatar mutum taron sai shugabannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu sun aika da shaida ta sirri kai tsaye, ba ta hannunsa ba. Shugaban makarantar da na yi bautar ƙasa ya aika tasa cikin kwana uku, Allah ya saka masa. Mai makarantarmu kuwa ya danne saƙon. Sau biyar ina shiga ofishinsa. A na ƙarshe yana ɓare gyaɗa a kan tebur, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "In na cike maka, wa zai riƙe mini 'yan aji shida har su rubuta WAEC?" Mutumin da nake binsa albashin wata biyu. Kawu ya ce ladanmu yana lahira, shi kuma wannan ya riƙe na duniyar a aljihunsa. Janairu ta zo ta wuce, gurbin shaidarsa yana nan fayau.

Yanzu in na ga yaran da na koyar suna wannan nema sai in riƙe baki. Tun da korona ta zo a 2020 aka mayar da tarurruka da yawa kan intanet, mutum yana ɗakinsa a Gyallesu yana ganawa da makarantar da ke Bankok. A 2023 kuma Ingila ta buɗe wa malaman lissafi da kimiyya na Najeriya ƙofar neman shaidar koyarwarta, QTS. Duk wanda ya zo mini da zumuɗi, tambayar Malam nake fara yi masa, wata nawa ka yi da alli a hannu. Wasu su ji, wasu su fita da irin fuskar da na fita da ita.

Da kunya na koma wurin Malam a watan Fabrairu. Bai tayar da maganar gora ba. Ya ce a Abuja akwai makarantun da ke bin manhajar Cambridge, kuma suna ɗaukar 'yan ƙasa, ko da yake ba za a ba ni gida da tikitin jirgi irin na waɗanda aka ɗauko daga waje ba. In yi shekara biyu a can, sannan in sake buɗe littafina. Ya yagi takarda ya rubuta wa wani tsohon ɗalibinsa layi huɗu, ya ninke ya sa mini a aljihun riga da hannunsa.

Ranar Litinin da asuba Baba ya goya ni a mashin ɗin nan zuwa tasha. Na shiga motar Kaduna, daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu. Kawu bai san na tafi ba sai bayan mako biyu.