Allo Ɗaya a Kwamfuta Biyu: Inda Aikin Commodore 64 Ya Kai

Assalamu alaikum, 'yan'uwana masu koyon harshen na'ura a nan Sakkwato. Ga bayanin inda aikin manhajar raba allo ya kai, domin waɗanda ba su samu halartar zamanmu na baya a Mabera ba su san halin da ake ciki, waɗanda suka halarta kuma su samu lissafin a rubuce. Manufar tana nan yadda muka tsara ta: duk abin da mai koyarwa ya rubuta a kan Commodore 64 da ke zaure ya bayyana a kan ta biyu da ke ɗakin da ƙananan ɗalibai suke zama, ba tare da an taɓa shirin da yake rubutawa da harshen na'ura na BASIC ba. Wani daga cikinku ya tambaya me ya hana mu raba wayar hoto kawai zuwa talabijin biyu, kuma tambayar tana kan hanya. Amsar ita ce muna so nan gaba ɗalibi ya iya mayar da amsa daga tasa kwamfutar, abin da wayar hoto ba za ta taɓa ba mu ba.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, wannan kwamfuta ta fito ne a 1982, ƙwaƙwalwarta MOS 6510 ce, kuma irin wadda aka yi don talabijin na tsarin PAL, wato irin tamu, tana bugawa kusan sau 985,000 a daƙiƙa. Allonta na rubutu layi 25 ne, kowane layi yana da gurbi 40, jimla gurbi 1000, kuma suna jere a ma'adana, wato wurin da kwamfutar take riƙe bayanai, daga adireshi na 1024. Launin kowane gurbi yana wata ma'adana dabam da ta fara daga 55296. Saboda haka abin da ido yake gani a talabijin bai wuce bayit 2000 ba (bayit ɗaya bit 8 ne, bit kuwa 0 ne ko 1), sai 'yan lambobi uku da suka shafi allon gaba ɗaya: launin gefe a 53280, launin bango a 53281, da kuma 53272 wanda yake nuna ko manyan haruffa da zane ake amfani da su ko ƙanana da manya.

Wayar da ta haɗa na'urorin biyu ba ta da wani sarƙaƙiya. Daga ramin jona waya da ake kira user port da ke bayan kowace kwamfuta, ƙafar M ita ce mai aikawa, ƙafafun B da C kuma a haɗe suke karɓa, sai ƙafar N ta ƙasan wuta, wato ground. Na gitta su, M ta wannan ta tafi B da C na waccan, kuma tunda duka ɓangarorin bolt 5 suke aiki da shi, ba a buƙatar wani abin canza ƙarfin wuta a tsakani. Ina roƙon kowa da kada ya soka ko ya zare wannan waya alhali kwamfuta tana kunne, domin ƙafafun kai tsaye suke shiga CIA 6526, ƙaramar na'urar ciki mai kula da shiga da fitar saƙonni, kuma idan ta ƙone ba abu ba ne da za a shiga Babbar Kasuwa a sayo.

Duk tsarin manhajar daga lissafi ɗaya ya samo asali, kuma ina so kowa ya yi shi da hannunsa. Idan aka buɗe layin RS-232, wato hanyar aika saƙo ta wannan waya, da umarnin OPEN 2,2,0,CHR$(8), ana samun gudun bit 1200 a daƙiƙa. Kowane bayit yana tafiya da bit ɗaya na farawa da ɗaya na tsayawa, ya zama bit 10, wato bayit 120 kawai ke ƙetarawa a daƙiƙa. Aika allo ɗaya cikakke da launinsa zai ci kusan daƙiƙa 17, kuma ko an cusa launi biyu a bayit guda, tunda launukan 16 ne kuma bit 4 ya ishi kowanne, ba za a sauko ƙasa da daƙiƙa 12 da rabi ba. Mai koyarwa ba zai rubuta harafi ya jira wannan lokaci ba. Dole ne manhajar ta yi yadda malamin makarantar allo yake yi idan ya ga kuskure a rubutun almajiri, ya goge harafin da ya karkace kaɗai ya gyara shi, ba ya sa a wanke allon duka. Ku kuma lura cewa buɗe wannan layi yana yanke bayit 512 daga saman ma'adanar BASIC don rumbunan shiga da fita, inda saƙonni suke jira, yana kuma share duk lambobin da shiri ya riƙe, don haka shi ne abu na farko da ya kamata a yi kafin komai.

Manhajar tana zaune ne daga adireshi na 49152, inda akwai bayit 4096 da BASIC ba ya taɓawa. Bayit 2000 daga ciki na ware su don kwafin ajiya, wato hoton abin da muka yi imani yana kan allon ɗalibai a wannan lokaci, sauran kuma umarnin manhajar ne. Sau 60 a daƙiƙa kwamfutar kan katse abin da take yi don ta duba madannai ta ƙara agogo, kuma adireshin da take zuwa yana rubuce a 788 da 789. Na sauya shi ya nuna manhajarmu, mu kuma idan mun gama sai mu miƙa ta ga aikinta na asali a adireshin $EA31. Kwatanta gurbi ɗaya da kwafinsa yana cin bugu kusan 15, gurbi 2000 kuwa sun kai 30,000, alhali tsakanin katsewa da katsewa bugu 16,400 ne kacal ko kusa da haka. Shi ya sa a kowace katsewa layi ɗaya tak muke dubawa, abin da bai wuce bugu 1,200 da ɗoriya ba, mu kewaye allon duka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, kuma mai rubutu ba ya jin wani nauyi a hannunsa.

Gwajin farko a kan na'urar gaske ya nuna wani abu da ya cancanci kowa ya gani da idonsa. Allo yana tsaye, babu mai taɓa madannai, amma saƙonni ba su daina fita ba, kamar ana canza launin kowane gurbi ba ƙaƙƙautawa. Dalili shi ne ma'adanar launi bit 4 ce kawai a kowane gurbi, kuma idan ƙwaƙwalwa ta karanta bayit guda daga can, bit 4 na sama tarkace ne na abin da ya rage a kan wayoyin ciki. Ku rubuta PRINT PEEK(55296) ku maimaita, za ku ga lambar tana tsalle. Ku rubuta PRINT PEEK(55296) AND 15, za ku ga ta tsaya cak. Umarni ɗaya na AND #$0F, wato AND 15 ɗin nan a cikin manhajarmu, kafin kwatantawa ya kashe wannan hayaniya. Na kuma ƙara da cewa idan gurbi fanko ne, wato lambarsa 32, ba ma duba launinsa ko kaɗan, tunda babu abin da ido zai gani a wurin, sai ranar da harafi ya sauka a kansa mu aika su tare.

Manuni mai ƙyaftawa, wato alamar da ke nuna inda harafi na gaba zai sauka, shi ma ya nemi nasa kason na waya, domin kwamfutar tana ƙyafta shi ne ta hanyar juya bit na can sama na harafin da ke ƙarƙashinsa duk bayan katsewa 20. Yanzu muna karanta layinsa daga 214 da gurbinsa daga 211, mu tsallake wannan wuri a kwatance, mu aika matsayinsa kawai idan ya motsa. Akwai ɗan gyara da ake yi wa lambar 211 idan layin BASIC ya zarce gurbi 40 ya shiga layi na biyu.

Abin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne ƙa'idar sabunta kwafin ajiya, domin a ganina ita ce ƙashin bayan aikin. Kwafin ba hoton allon mai koyarwa ba ne, hoton abin da ya riga ya kama hanya zuwa ga ɗalibai ne, don haka ba a rubuta komai a cikinsa sai abin da ya samu shiga rumbun fita. Kafin mu saka saƙo, muna duba lambobin da ke 669 da 670, waɗanda suke nuna farko da ƙarshen abin da ke jira. Idan abin da ke jira ya haura bayit 60, wato tafiyar rabin daƙiƙa, sai mu bar wannan layi yadda yake, ba mu aika ba, ba mu kuma taɓa kwafinsa ba. A zagaye na gaba bambancin yana nan, kuma abin da za a aika shi ne sabon halin da layin yake ciki, ba tsohon da ya riga ya shuɗe ba. Rumbun yana iya ɗaukar bayit 256, kuma zuciya tana son a cika shi, amma cika shi yana nufin ɗalibai suna kallon abin da ya faru daƙiƙa biyu da suka wuce, kuma idan ya cika maƙil kwamfutar za ta tsaya jira a tsakiyar katsewa, madannai su daina amsawa. Da wannan ƙa'ida, ko da shiri ya canza lamba ɗaya sau ɗari a daƙiƙa, wayar ba ta shaƙewa: wasu lambobin tsakiya za su wuce ba a gan su ba, amma ta ƙarshe tabbas za ta isa.

Kowane saƙo yana ɗauke da alamar farawa, lambar layi, gurbin farko, adadin haruffa, haruffan da launukansu, sai jimlar tantancewa a ƙarshe. Mai karɓa yana watsar da duk saƙon da layinsa ya kai 25, ko gurbinsa ya kai 40, ko jimlarsa ba ta yi daidai ba. Tunda har yanzu ba ya mayar da amsa, na sa mai aikawa, a duk lokacin da waya ta zama babu kowa, ya riƙa aika layuka cikakku ɗaya bayan ɗaya, kowanne bayit 65 ko kusa, ta yadda duk harafin da ya ɓace a hanya zai gyaru cikin daƙiƙa 14. Wannan ya zama dole musamman ga mai karɓa idan aka taɓa na'urar faifai ta 1541, domin lokacin karatu ko rubutu a faifai layin RS-232 ba ya aiki yadda ya kamata.

Game da kula da na'urorin a garinmu, zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 ba abin wasa ba ne ga VIC-II mai fitar da hoto da PLA mai tsara ma'adana, ƙananan na'urorin ciki waɗanda ko a ƙasashen sanyi an san su da ɗaukar zafi. Na manna musu ƙananan ƙarafunan sanyaya da na ciro daga wata tsohuwar talabijin a shagon wani mai gyara, na kuma mayar da gwaji bayan Asuba ko bayan Isha'i. Akwatin ba da wuta da ke zuwa da kwamfutar an san shi da haura bolt 5 idan ya tsufa har ya ƙone ma'adana, don haka ku auna shi da mita kafin kowane zama, ku kuma jona kwamfutocin biyu a layin wuta ɗaya tunda ƙafafunsu na ground a haɗe suke. Ban dogara da agogon cikin CIA wajen auna lokaci ba, domin daga wutar bolt 9 mai juyawa yake ƙirga, kuma idan muna kan janareta gudunsa yana bin gudun injin. Adadin katsewa shi ne ma'auninmu.

Matsalar da ta rage ita ce hawan rubutu. Idan manuni ya kai ƙasan allo, komai yana matsawa sama da layi ɗaya, sai kwatance ya ga kusan gurbi 1000 sun canza. Na saka umarni na musamman da ke sa mai karɓa ya matsar da bayit 960 sama ya share layin ƙarshe, mai aikawa shi ma ya yi haka a kwafinsa, kuma muna gane hawan ne idan layin da muke dubawa ya yi daidai da layin da ke ƙasansa a kwafi. Yana aiki sosai idan mutum ne ke rubutu. Amma layukan fanko biyu a jere suna ruɗa shi, kuma idan aka ba da umarnin LIST, mai nuna layukan shiri a allo, ga dogon shiri, allon yakan hau layuka da yawa kafin mu kewayo, sai an danne CTRL don rage gudun sannan ɗalibai su iya bi. Ina ganin mafita ita ce mu ajiye jimla ta bayit biyu ga kowane layi, mu nemi tazarar hawan a cikin jimloli 25 maimakon haruffa 1000, mu kuma ƙi amincewa da hawa sai layuka uku masu rubutu sun yarda da tazara ɗaya. Wanda ba shi da na'urar gaske yana iya gwada wannan a manhajar kwaikwayo ta VICE, ya saita layin RS-232 ya zuba a fayil, ya ba da LIST ga shiri mai layi 100, sannan ya kawo mana girman fayil ɗin a zamanmu na gaba, in Allah ya yarda, mu kwatanta da na tsarin da muke kai yanzu.