Ga-ruwan da ba na sayarwa ba

Duk wanda ya tashi a unguwar da famfo ke yi wa mutane rowa, ya san ɗan ga-ruwa tun daga nesa. Sanda a kafaɗa, garwa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ga kuma wannan sassarfar da ba gudu ba ce ba kuma tafiya ba, don kada ruwan ya yi tambal-tambal ya zube. Kafin masu kura da jarkoki su ƙwace sana'ar, su ne suka shayar da gidanmu a Kano.

Shi ya sa safiyar da na leƙo ta tagar ɗakina a Meerut ta ƙasar Indiya, a ƙarshen watan Yulin 2024, na tsaya ina murza ido. Titi cike da samari sanye da riga da gajeren wando ruwan goro, yawancinsu ba takalmi, kowa da gora a kafaɗa, tulu ko 'yar jarka na reto a kowane baki. Sassarfar ma iri ɗaya. Bambancin kawai, gorar tasu ta sha ado: ƙyallaye masu walƙiya, furannin roba, ƙananan ƙararrawa, wani ma har da macijin roba a naɗe. Kuma maimakon su ce "ga ruwa", abin da ke tashi shi ne "Bol Bam! Bol Bam!"

Karatun haɗa magunguna ya kai ni garin, wanda ke jihar Uttar Pradesh, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga Delhi. Na iso ne bayan daminar 2023, don haka wannan ne gani na na farko. Da dare na kira Umma na ce mata an ba mu hutu, an rufe makarantu saboda Kanwar. Ta ce, "Ƙanwar wa?" Na ce ba ƙanwar kowa ba ce, Umma, ba kuma kanwar miya ba, sunan sandar da suke ɗaukar ruwa da ita ke nan. Ta ce to ruwan nawa suke sayar da garwa? Da na ce ba na sayarwa ba ne, ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya kyauta. Kai dai ka riƙe sallarka."

Ɗan mai gidan da nake haya, wanda muke aji ɗaya da shi, yana cikin waɗanda suka tafi a shekarar. Shi ya warware mini zare da abawa kafin ya tashi. A watan da suke kira Sawan, wanda ke faɗowa tsakanin Yuli da Agusta, tsakiyar damina, masu bautar Shiva, ɗaya daga cikin allolin addinin Hindu, kan tafi kogin Ganga su ɗebo ruwa, su dawo da shi a ƙafa, su zuba a kan dutsen da ke wakiltar Shiva a wurin bautar garinsu. Mutanen yankinmu Haridwar suke zuwa, inda kogin ke saukowa daga duwatsun Himalaya ya shigo sarari. Masu ƙarfin hali kan wuce har Gangotri ko Gaumukh, can kusa da mafarinsa. Na gabas kuma, mutanen Bihar da Jharkhand, a Sultanganj suke ɗiba su taka fiye da kilomita 100 zuwa Deoghar. Daga Haridwar zuwa Meerut kusan kilomita 140 ne. Ka ƙaddara ka ɗauko ruwa daga Zariya ka nufo Kano a ƙafa, ba takalmi, cikin ruwan sama da zufa.

Na tambaye shi me ya sa sai ruwa. Ya ce a labarinsu, alloli da aljanu sun taɓa haɗuwa suka burka teku kamar yadda ake burka nono, suna neman ruwan da in an sha ba a mutuwa. Kafin shi ya fito sai wata muguwar guba ta riga shi, wadda za ta halaka duniya. Shiva ya shanye ta ya riƙe a maƙogwaro, wuyansa ya koma shuɗi, shi ya sa suke masa laƙabi da Neelkanth, mai shuɗin wuya. Ruwan da ake zuba masa na sanyaya zafin gubar ne. Wannan shi ne bayanin littafi. Nasa dalilin kuwa daban: an yi wa babansa aikin zuciya a farkon shekarar, ya yi bakance cewa in tsohon ya tashi zai ɗauko kanwar. Tsohon ya tashi. Da ya faɗi haka ban ƙara tambaya ba, don bakance ba baƙon abu ba ne a wurinmu, wanda ake yi wa ne ya bambanta.

Dokokin tafiyar sun fi tafiyar wuya. Daga lokacin da ka cika tulunka a matakalar Har ki Pauri da ke bakin kogin a Haridwar, ruwan nan ba zai taɓa ƙasa ba sai ka isa. Shi ya sa a duk gefen hanya za ka ga an kakkafa ƙarafa da gorori kamar shanya, a nan ake rataye kanwar in za a huta. In ka zaga bayan gida, sai ka yi wanka kafin ka sake taɓa ta. Ba nama, ba giya, da yawansu ko albasa da tafarnuwa ba sa ci, ba sa taɓa abin da aka yi da fata. Akwai masu ɗaukar wadda ko ratayewa ba a yi, in ka gaji sai abokin tafiyarka ya karɓa ya tsaya da ita a kafaɗa har ka farka. Akwai kuma 'yan dak kanwar, waɗanda ke zuwa a kwanakin ƙarshe: gudu suke yi da ruwan, wannan ya miƙa wa wancan, babura da mota na biye da su, ba tsayawa sai wurin bauta. Kuma a kan hanya babu mai suna. Kowa "Bhole" ne, ɗaya daga cikin sunayen Shiva, ko kai ɗan attajiri ne ko mai tura baro.

Mai gidan, wanda nake kira Ankul kamar yadda duk yaran layin ke kiransa, yana cikin kwamitin unguwa da ke kafa rumfa a bakin babban titi duk shekara. Abinci kyauta, shayi kyauta, tabarmi, fanka, wurin wanka. Da ya ji ɗansa ya kusa shigowa gari, ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Beta, ba kai ne mai karatun magani ba? Muna da akwatin bandeji, ba mu da hannu." Beta ɗin nan, wato ɗana, shi ya kashe mini jiki.

Ba zan ɓoye ba, sai da na yi jim. Ni Musulmi ne, na san matsayin abin da ruwan nan zai je ya yi a aƙidata, kuma zaman Indiya bai canja mini ko wasali ɗaya a ciki ba. Amma da na auna, ba tulu aka ce in ɗauka ba, ba waƙa aka ce in amsa ba. Ƙafa ce ta fashe, ni kuma na iya wanke ciwo. Na ɗauki safar hannu na bi shi.

Kwana biyu na yi a rumfar nan, kuma a nan na san tafiyar, ba daga taga ba. Daga sama ado ne da kiɗa. Daga ƙasa kuwa bororo ne, wani ya fashe wani bai fashe ba, faso ya buɗe har ana ganin ja, tsakuwa ta nutse a tafin ƙafa, farce ya ɗaye. Kwalta in rana ta buɗe kamar tanda take, in ruwa ya sauko kuma fatar ta jiƙe ta yi laushi ta fara salewa. Wani dattijo da furfura ta gama cin kansa ya miƙo mini ƙafa, na ga tsohon ƙyalle ya manne da nama, sai da na jiƙa shi da ruwan gishiri na daɗe ina lallaɓawa kafin ya saki. Ko uffan bai ce ba. Idonsa na kan kanwarsa da ke rataye, kamar mai gadin jariri. Da na gama ya dube ni, ya dubi fatata, ya tambayi Ankul daga ina nake. Aka ce masa Najeriya. Ya haɗa tafukan hannunsa ya ce, "Bhole." Na ce masa sunana ba Bhole ba ne. Ya yi dariya ya maimaita.

Kafaɗunsu ma na duba. Wurin da gora ke zama ya yi baƙi ya kumbura, ga waɗanda suka saba zuwa duk shekara kuma ya zama kanta. Irin kantar da na sani a kafaɗar mai kawo mana ruwa ina yaro, wanda in ya cire riga zai yi alwala muke leƙe.

Yawan mutanen ba ya faɗuwa. 'Yan sandan jihar Uttarakhand sun ce waɗanda suka zo Haridwar ɗibar ruwa a wannan shekarar sun haura miliyan 40. Alhazan da suka tsaya Arfa a 2024 ba su kai miliyan 2 ba. Ko ka raba lissafin 'yan sandan gida biyu don ka rage gishiri, abin da ya saura ya isa ya rufe babbar hanyar Delhi zuwa Haridwar, kuma rufe ta ake yi, a karkatar da manyan motoci wata hanyar.

To amma ba duka ne ya burge ni ba. Bayan masu tafiya a natse akwai 'yan tarakta da manyan motoci da aka jibga wa lasifika kamar bene. In biyu suka haɗu sai su tsaya gasar wa ya fi ƙara, gilashin tagata na rawa har asuba. Wasu samarin idonsu jawur da bhang, wato wiwin da suke damawa su sha, suna cewa ai abin Shiva ne. Sannan ga tsoron da ke kama duk mai abin hawa. In motarka ta gogi kanwar wani, ruwansa ya ɓaci, tafiyar kwana huɗu ta tashi a banza, kuma taron ba ya jiran bayani. Mai a-daidaita-sahun da ke kai ni makaranta ajiye kekensa ya yi gaba ɗaya har aka watse. Ankul da kansa yana tsaki in 'yan lasifika sun wuce, yana cewa a zamaninsu ba haka ake yi ba. Na ce a raina, ko'ina dattijai maganarsu ɗaya.

Nama kuwa ya yi ɓatan dabo. An rufe mahauta da shagunan kaji a duk inda ayarin ke bi, na yi kusan mako biyu ina fama da wake da shinkafa da ganye. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne umarnin da 'yan sandan Muzaffarnagar, maƙwabciyar Meerut, suka bayar a shekarar, cewa duk mai sayar da abinci a kan hanyar ya rubuta sunansa a allo. Kowa ya gane abin da ake son a gane daga sunan. Ranar 22 ga Yuli Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da umarnin, ta ce ana iya bayyana irin abincin da ake sayarwa amma ba a tilasta wa kowa rubuta suna. Mai sayar mini da ayaba, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya ce mini abin dariyar shi ne, da yawa daga cikin kanwar ɗin da ake ɗauka Musulmi ne ke ɗaure su su yi musu ado a Haridwar, sana'ar gado ce a wasu gidajen.

Ranar zuba ruwan, wadda suke kira Shivratri, ta faɗo 2 ga Agusta, ranar Juma'a. Abokina ya shigo gari tun daren Alhamis, yana ɗingishi, ya rame, muryarsa ta dishe. Gidansu na nan ƙasa da tafiyar minti goma amma bai shiga ba, a rumfa ya kwana kusa da ruwansa. Da sassafe muka raka shi Augharnath, tsohon wurin bautar Shiva da ke unguwar barikin soja, wanda mutanen garin ke alaƙantawa da boren da sojojin Indiya suka fara yi wa Turawan Ingila a Meerut a 1857. Layi ya miƙe iya ganinka, an raba shi da shingen gora. Ni a bakin shingen na tsaya, wajen masu sayar da furanni da madara da ganyen bel mai kunne uku da ake ɗorawa a kan dutsen. Daga nan ina jin ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa, ƙamshin turaren tsinke ya gauraye da na zufa da laka.

Ya fi awa uku a layi. Da ya fito na ce yaya? Ya ce ko minti ɗaya bai yi a ciki ba. Ka kwance tulu, ka tuttule ruwan a kan baƙin dutsen, ka taɓa goshi, ɗan sanda ya ce gaba. Kwana biyar a hanya, zubawar ba ta kai a ƙirga ashirin ba. Ya faɗi haka yana murmushi, hawaye na bin kumatunsa, babansa na riƙe da kafaɗarsa, daidai wurin da ya kumbura, shi kuma bai ce masa ya saki ba.

Na bar su a nan na tafi neman hanyar masallaci, don duk titunan da na sani an toshe. Da na dawo da yamma, matar Ankul ta hau sama da faranti. Ta san ba na cin abin da aka kai gaban gunki, mun wuce wannan tun lokacin bikinsu na Diwali, don haka tun kafin in buɗe baki ta ce wannan daga kicin ɗinta yake, bai je ko'ina ba. Puri ne da miyar dankali. A kan kantar falonsu kuma, kusa da hoton iyayen Ankul, an ƙara wata 'yar kwalbar ruwan Ganga da abokina ya rage musu, a rufe ruf, kamar yadda Umma ke ɓoye jarkar zamzam a saman sif ba mai taɓawa sai an yi rashin lafiya.

Litinin aka koma aji. Abokina ya zo da silifas, ƙafafunsa a naɗe da bandejin da na ɗaura masa, malamin ɗakin gwaji ya kore shi saboda ba a shiga ba rufaffen takalmi.