Whig, Tory da Gadon Sarautar Ingila: Abin da Karatun Ya Bar Mini

Sarki Charles na Biyu na Ingila ya haifi 'ya'ya da yawa, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da matarsa ta aure, Sarauniya Catherine, ta haifa masa. Don haka gado ya faɗa kan ƙanensa James, wanda ya bar Cocin Ingila ya koma Katolika. Maganar ta fito fili a 1673, lokacin da James ya gwammace ya ajiye shugabancin rundunar jiragen ruwa da ya yi rantsuwar da sabuwar doka ta ɗora wa duk mai riƙe da muƙami. A ƙasar da ba ta manta da Furotesta kusan 300 da aka ƙona a zamanin Sarauniya Mary ta Farko ba, kuma tana kallon ƙarfin Louis na 14 a Faransa, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. A kan tambayar ko James zai hau gadon ko ba zai hau ba aka haifi jam'iyyu biyun farko na Ingila: Whig, masu cewa majalisa tana da ikon tsallake shi, da Tory, masu cewa gado na Allah ne, ba mai taɓa shi.

A zangon da muka karanci wannan zamani, malaminmu bai bari mun shiga batun jam'iyyu ba sai da kowa ya zana zuriyar gidan Stuart da hannunsa. Na haɗa fallaye biyu da gam saboda reshen da ya gangara Jamus ya ƙi shiga takarda ɗaya, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk wanda yake Katolika. Da na gama sai na ga jan ya kusa cinye takardar. Tun daga nan na fahimci cewa rigimar ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma cire James kaɗai ba zai kashe ta ba.

Abu na farko da ya tsaya mini shi ne yadda jam'iyyar Whig ta sami ƙarfinta. A 1678 wani mai suna Titus Oates ya rantse cewa 'yan Katolika sun ƙulla makircin kashe sarki don su ɗora James. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta faɗa kan tsoron da ke zukatan mutane, sai ta kama kamar wutar daji. An kashe mutane fiye da 20 a kanta, ciki har da dattijo Lord Stafford a 1680 da Oliver Plunkett, babban bishop na Armagh, a 1681. Shaftesbury, jagoran masu son a cire James, ya hau kan wannan ƙarya ya yi sukuwa son ransa. Kuma shi ɗin dai da mutanensa ne suka tsaya har aka kafa dokar 1679 wadda ta tilasta a kai duk wanda aka tsare gaban alƙali, dokar da har yau ake alfahari da ita. Littattafan da ke yabon Whig a matsayin iyayen 'yanci sukan wuce Plunkett da sauri. Ni kuwa na koyi in riƙa ajiye abubuwan biyu a shafi ɗaya, domin mutanen da suka yi wannan su ne suka yi wancan, a shekaru ɗaya.

Sau uku aka kawo ƙudirin hana James gado. Na farko a 1679, sarki ya rushe majalisar. Na biyu ya tsallake majalisar wakilai a Nuwamban 1680, majalisar dattawa ta kayar da shi da ƙuri'a 63 da 30. Na uku a Oxford a watan Maris na 1681, majalisar ba ta wuce mako guda ba Charles ya sallame ta, bai kuma sake kiran wata ba har ya mutu, domin ya riga ya shirya da Louis a asirce kan kuɗin da zai riƙa karɓa. Shaftesbury ya gudu Holan, can ya mutu a 1683. A shekarar ne aka sare kan manyan Whig biyu, William Russell da Algernon Sidney, bisa zargin makirci. James ya hau gado lami lafiya a 1685, ya kuma murƙushe boren Monmouth, ɗan Charles na waje, a Sedgemoor.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne abin da ya sami Tory bayan sun yi nasara. Aƙidarsu ƙafa biyu gare ta: biyayya ga sarkin da ya gaji gado ko da ya yi zalunci, da kare Cocin Ingila. A ranar da aka kashe Russell, Jami'ar Oxford ta fitar da sanarwa tana la'antar duk koyarwar da ta halatta yi wa sarki tawaye, aka kuma ƙona littattafai. Muddin sarki ɗan cocin ne, ƙafafun biyu suna tafiya tare, ba wanda ya san wacce ta fi ɗaukar nauyi. Sai James ya fara naɗa 'yan Katolika a soja da majalisarsa, ya kori malaman kwalejin Magdalen a Oxford, ya dakatar da dokokin addini da ikon kansa, sannan a 1688 ya ba da umarni a karanta sanarwar tasa a kowane coci. Bishop bakwai, da William Sancroft na Canterbury a gabansu, suka rubuta masa takardar roƙo cewa ba za su iya ba. Ya tura su kurkukun Hasumiyar Landan, ya gurfanar da su, kotu ta wanke su ranar 30 ga Yuni.

Kwana ashirin kafin nan matar James ta haifi ɗa namiji. Kafin haihuwar, Tory da yawa sun yi ta haƙuri da tunanin cewa James ya manyanta, in ya mutu 'yarsa Mary, 'yar Furotesta, za ta gaje shi. Jaririn ya rushe wannan lissafi. Nan da nan aka baza jita-jitar cewa ba sarauniya ta haife shi ba, an shigo da shi ɗakin ne a ɓoye cikin kaskon ɗumama gado. Haihuwar da aka yi a gaban shaidu masu yawa ke nan, amma mutane suka rungumi jita-jitar, domin ta ba su mafita: in yaron ba ɗan sarki ba ne, to ba su karya aƙidar gado ba. A ranar da aka wanke bishop-bishop ɗin, manya bakwai suka aika wa William na Orange, jagoran Holan kuma mijin Mary, takardar gayyata. Cikinsu akwai Danby, rikakken Tory, da Henry Compton, bishop na Landan. William ya sauka a Torbay ranar 5 ga Nuwamba, James ya tsere Faransa a Disamba.

Daga nan na ɗauki wata ɗabi'a da nake amfani da ita har yanzu in ina karanta tarihin kowace ƙungiya: ba na tsayawa kan abin da take faɗa a lokacin da komai ke tafiya daidai, sai in nemi ranar da abubuwa biyu da ta rantse a kansu suka yi karo, in ga wanne ta saki. Mafi yawan Tory sun saki sarki sun riƙe coci. Ban ga laifinsu sosai a zaɓin ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda suka ƙi yarda cewa sun yi zaɓi.

Takardun majalisar 1689 su ne suka nuna mini haka ƙarara, kuma su suka koya mini cewa taƙaitawar littafin makaranta ba ta maye gurbin karanta asalin rubutu. Tory a majalisar dattawa sun nemi a bar wa James sunan sarki, William ya zama mai riƙon ƙwarya kawai. Suka faɗi da ƙuri'a 51 da 49. Majalisar wakilai ta ce James ya yi murabus da kansa, gadon kuma ba kowa a kai, alhali kowa ya san mutumin bai yi murabus ba, yana Faransa yana neman sojoji. William ya gaya musu in ba za a naɗa shi sarki ba zai koma gida, sai aka miƙa masa sarauta tare da Mary a Fabrairu. Da aka zo rubuta sabuwar rantsuwar mubaya'a, sai aka cire wurin da ke cewa sarkin shi ne mai haƙƙi na halal. Da gangan aka yi, don Tory ya iya ɗaga hannu ya rantse wa wanda ke kan mulki, a zuciyarsa kuma ya ci gaba da ɗaukar James a matsayin mai gado. Wannan 'yar ƙofar da aka bari ta taimaka ƙwarai wajen hana Ingila sake faɗawa yaƙin basasa irin na shekarun 1640, ko da yake a Ireland da Sikotland an zubar da jini sosai. A 1696, bayan an gano shirin kashe William, Whig suka dawo da kalmomin da aka cire don su tona asirin abokan hamayyarsu.

Akwai waɗanda suka ƙi bi ta ƙofar, kuma su ne suka fi burge ni a duk wannan tarihi. Biyar daga cikin bishop bakwai ɗin da James ya ɗaure sun ƙi rantse wa William, tare da limaman coci kusan 400. Hujjarsu gajera ce: sun riga sun rantse wa James, yana nan da rai, bai kuma warware musu rantsuwar ba. Ƙin karanta sanarwarsa daban, ƙwace masa gado daban. Sancroft, wanda jama'ar Landan suka durƙusa a bakin kogi suna neman albarkarsa ranar da aka kai shi kurkuku, ya rasa kujerarsa a 1690, ya bar fadar Lambeth ya koma ƙauyensu Fressingfield, inda ya mutu a 1693. Ban yarda da aƙidarsa ta cewa ba a taɓa sarki komai ya yi ba. Amma mutumin da ya sha ɗauri a hannun sarki, sannan ya rasa komai saboda alkawarin da ya yi wa wannan sarkin dai, ya cancanci a ambace shi da girmamawa.

Sauran labarin ya tafi ne a kan wannan rauni na Tory. Anne, ƙanwar Mary, wadda za ta gaji William, ta yi ciki sau 17, ɗanta ɗaya da ya ɗan girma ya rasu a 1700 yana da shekara 11. A 1701 majalisar da Tory ke da rinjaye a cikinta ta kafa dokar da ta ba Sophia ta Hanover a Jamus, 'yar Furotesta kuma jikar James na Farko, gadon, aka tsallake 'yan Katolika fiye da 50 da suka fi ta kusa. Jam'iyyar da aka kafa don kare gado ita ce ta sa hannu a kan wannan. Duk da haka zuciyar wasunsu tana tsallaken teku. A ƙarshen mulkin Anne, manyan ministocinta biyu, Harley da Bolingbroke, sun riƙa tuntuɓar ɗan James a ɓoye, suna kuma yi wa Hanover fara'a. Sharaɗinsu shi ne ya bar Katolika, shi kuma ya ƙi. Da Anne ta rasu ranar 1 ga Agustan 1714, George ɗan Sophia ya hau gado ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, yana kuma riƙe da fushin sulhun Utrecht na 1713 da Tory suka yi da Faransa ba da son ƙawayen Ingila ba.

Bolingbroke ya gudu Faransa a 1715 ya zama sakataren ɗan James, Harley ya shiga kurkuku, boren da aka tayar a Sikotland da arewacin Ingila a shekarar ya watse a Sheriffmuir da Preston. Whig ba su bar wannan dama ta wuce ba. Suka shafa wa jam'iyyar Tory gaba ɗaya kashin kaji cewa maciya amanar sarki ne, alhali da yawansu masu gonaki ne na karkara da ba abin da ya dame su sai coci da haraji. Aka share su daga muƙaman gwamnati, soja da kujerun alƙalan gundumomi. A 1716 majalisar da aka zaɓa don shekara uku ta tsawaita wa'adin kanta zuwa bakwai, da hujjar cewa zaɓe a irin wannan lokaci hatsari ne. Robert Walpole, wanda ya riƙe gwamnati daga 1721 zuwa 1742, ya ƙware wajen tayar da wannan tsoro duk lokacin da ya ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Jam'iyyar da ta fara da kukan cewa sarki yana danne majalisa ita ce ta rage yawan zaɓe da ta sami kujera, kuma wannan ya sa na daina karanta tarihin a matsayin gwagwarmayar masu son 'yanci da maƙiyansa.

Da jikan James, Charles Edward, ya taso daga Sikotland a 1745 har ya kai Derby, Tory na Ingila da ake ta zargi shekara talatin ba su fito sun tare shi ba sai 'yan tsiraru. Ya juya, aka ragargaza rundunarsa a Culloden a Afrilun 1746. Duk da haka ba a sake buɗe wa Tory ƙofar fada ba sai bayan George na Uku ya hau gado a 1760. Dokar 1701 kuwa tana nan: gyaran da aka yi a 2013 ya halatta wa mai jiran gado ya auri Katolika, amma har yanzu Katolika ba ya hawa gadon sarautar Birtaniya.